Rabon Kwamfutar Yaya

Tun suna yara, komai mai kyau na Yaya ne, Auta sai ragowa. Da Yaya ya rasu, Inna ta ba Auta kwamfutarsa, ta ce kada ya goge komai.

Bai goge ba. Bayan isha, a shagonsa, ya raba rumbun ajiyarta biyu, ya matse manhajar Yaya a ɗan lungu, ya baje tasa a sauran. Yau dai shi ne da babban kaso!

Sai ƙamshin kafur ya cika shagon. Wani ya tsaya a bakin ƙofa, fitila tana haska shi, amma babu inuwa.

"Mun tashi, malam," in ji Auta.

"Haba, Autan Inna," in ji baƙon a hankali. "Ko kabarina ya fi lungun da ka matse ni faɗi."