Fuskar Kawu Sallau

Akwai wata yarinya 'yar aji shida a Talata Mafara. Allah ya ba ta hannun zane. Da ta dawo makaranta sai ta ari wayar Ummanta ta hau aiki.

Tana bin shafukan masu zanen zamani. Wani yana zana mutane masu manyan kawuna. Wata tana zana 'yan mata da dogayen riguna da ɗaurin ɗankwali iri-iri. Ita kuwa wanda ya fi burge ta shi ne zane mai sumul, layi tsaf, launi ɗaya, fuska ba tabo ko ɗaya. Ta kwaikwaya har ta iya. Daga nan fa kai ya fara kumbura.

Wata rana kakarta ta zo daga Maradun. Ta rame ƙwarai. Wata biyar ke nan da 'yan bindiga suka kashe autanta, Kawu Sallau, a hanyar gona. Hotonsa ɗaya tak ya rage, yana cikin wayar Umma, kuma ya yi duhu.

Kaka ta ce, "'Yar nan, an ce kin iya zane. Ki fiddo mini fuskar kawunki, a wanke mini babba."

"Wannan ai mai sauƙi ne, Kaka."

Ta zauna gindin darbejiya ta fara. Kawu yana da tsagar gado a kumatu. Ta ce a ranta, wannan ƙauyanci ne, ta share. Yana da wushirya, ta toshe. Tsohuwar hularsa ma ta canja masa da sabuwa.

Sai wayar ta nuna ta cika. Yarinyar ta dubi hoton, ta dubi zanenta. "Nawa ya fi kyau," in ji ta. Ta goge hoton gaba ɗaya. Ko tambaya ba ta yi ba.

Bayan la'asar ta miƙa wa Kaka wayar tana murmushi. Kaka ta daɗe tana kallo.

"Wanga wane na?"

"Kawu Sallau mana."

"Wanga ba ɗana ba na. Nuna mini na farko."

Umma ta karɓi wayar ta duba ko'ina. An kai wa mai gyara a kasuwa, shi ma ya ce hoton ya tafi ke nan.

Kaka ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Ta juya fuska bango ta kwanta. Kwana biyu ko kunu ba ta iya sha sosai.

Umma ta ce, "Ba naki ba ne, kika goge. Kuma kin ga fuskar ƙanena ba ta yi miki ba."

Yarinyar ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ran na uku da safe ta durƙusa gaban Kaka.

"Kaka, ki yafe mini. Ni ban riƙe fuskarsa ba, amma ke kin riƙe. Ki faɗa, in zana."

Kaka ta tashi zaune.

"Tsagar ta fi haka tsawo. Ja ta har kusa da kunne."

Ta ja.

"Idon hagu ya ɗan fi ƙanƙanta. Hular kuma a karkace take, bai taɓa sa ta daidai ba."

Kwana huɗu suna yi, a goge, a sake. Ran na biyar Kaka ta ɗora yatsa a kan wayar.

"Sallau," ta ce a hankali. Hawaye na zuba, amma dariya take yi. Sannan ta ce a kawo mata tuwo.

Tun daga ranar yarinyar ba ta ƙara taɓa abin wani ba sai ta tambaya. Kuma ta gane cewa yadda Allah ya yi mutum, haka masu sonsa suke son ganinsa.