Takardar da Aka Ciza

Da safen ranar gwanjo a garin Seki, aka buɗe akwati, aka tarar tsohuwar wuƙar yaƙin da za a sayar ba ta ciki. Kubenta mai adon zinariya kuwa yana nan.

Sufeto Tsuruta ya duba ƙofa, ba a ɓalle ta ba. A ƙasa ya tsinci 'yar farar takarda a ninke, da shaidar haƙora. Ya daɗe yana kallonta.

Mutum uku suka shiga ɗakin jiya: mai gadi, da Horie mai gidan gwanjon, da tsoho Nagase. Shi Nagase ban kwana ya zo yi da wuƙaƙen da ya tara tun ƙuruciya, waɗanda ɗansa ya sayar wa gidan. Tsohon ne ya koya wa Tsuruta riƙon takobi yana yaro.

Tsuruta ya miƙa wa kowannensu wata tsohuwar wuƙa, ya ce ya zare. Mai gadi ya fizge ta, har da shafa kaifin da yatsa. Horie ya zare a hankali, amma bakinsa bai rufu ba, yana ta kukan mai gidan abincin da zai sayi wuƙar da ta ɓace ya riga ya kafa mata ƙusa a bango.

Nagase ya rusuna wa wuƙar. Ya ciro takarda daga aljihu, ya ninke, ya ciza, don kada numfashi ya taɓa ƙarfen. Sai ya tsaya cak.

"Malam," in ji Tsuruta, "ɓarawo zinariya yake ɗauka. Wanda ya bar kuben nan ya san ƙarfe tsatsa yake yi a cikinsa, da kuben itace ya zo. Cizon takarda kuma, ku kaɗai kuka rage."

Tsohon ya cire takardar. "Ka yi tumbi, yaro, amma idonka na nan. Mai gidan abincin nan saman tukunyar miya zai rataye ta. Tsirara."

Tsuruta ya roƙi Horie ya janye ƙara. Horie ya ƙi. Tsuruta ya ji da ma ya bar takardar nan a ƙasa an share.

Suka je gidan tsohon. Nagase ya ɗauko wuƙar, ta sha mai, ya haɗa da sabuwar takarda.

"Ciza, kafin ka taɓa."

Tsuruta ya ciza, ya karɓa da hannu biyu.