Muryar da Ba Ta Hau Faifai Ba

Da hantsi aka kawo rahoto ofishin 'yan sanda: an fasa shagon Mai Faifai, an sace kwamfuta.

Sufeto ya tarar da wata tsohuwa a ƙofar shagon, rungume da rediyo mai cin faifai. Ɗanta direba ne, ya rasu a hatsari. Abin da ya rage mata kawai saƙonnin muryarsa ne a katin wayarsa. Rediyonta ba ya karanta irin sautin waya, shi ya sa ta kawo a juya su, a ɗora mata a faifai.

"Yallaɓai, ni ba ruwana da kwamfuta," in ji ta. "Muryar yarona nake so."

A cikin shagon, sababbin lasifikoki na nan reras, ko taɓa su ba a yi ba.

"Ɓarawon nan akwai tarbiyya," in ji Sufeto. "Ina katin Iya?"

"Yana jikin kwamfutar, ranka ya daɗe," Mai Faifai ya amsa, yana share zufa.

"A'a, ɗan nan," tsohuwa ta ce daga waje. "Ai ka ba ni jiya, ka ce ka wanke mini shi."

Ta kwance bakin zane ta miƙo katin. Sufeto ya sa a wayarsa. Babu komai a ciki.

Ya juya kwandon shara. Faifai ne tuli, kowanne an rubuta "Iya" a kai. Ya ari rediyon, ya sa ɗaya. Shuuu kawai kake ji. Na biyu ma haka.

"Ka gaya mini a nan, ko sai mun je ofis?"

Mai Faifai ya zube kan kujera.

"Haka nake yi wa kowa, yallaɓai. In na kwashe kaya sai in goge katin, kada cutar kwamfuta ta bi mutum gida. Da na zo juya sautin, sai sabon ya hau kan tsohon ya danne shi, ga shi ya fito a lalace. Na yi duk dabarar da na sani. Da wane bakin zan gaya mata? Gara ta tsine wa ɓarawo. Kwamfutar tana gidan yayata, ni na ɓalle kwaɗon."

Sufeto ya sha kama ɓarayi, amma bai taɓa jin takaici irin na yau ba. Ga mai laifi a hannu, ba abin da za a mayar wa mai kaya.

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya tasa ƙeyar Mai Faifai zuwa mota, laifin rahoton ƙarya. Da zai wuce tsohuwa, bai iya ɗaga ido ba.

"Iya," Sufeto ya ce, "babu shi. Ya goge."

Ta karɓi rediyonta da faifan a ciki, ta danna, ta kara kunne a jikin shuuun nan.

"Ku ɗan yi shiru," ta ce. "Dama shi ba ya ɗaga murya."