Abin da Hannun Suleiman Ke Faɗa

"Ki haɗa kayanki, Zuliha. Ba shawara na zo yi ba."

Inna Rekiya ce ke magana, tana tsaye a ƙofar ɗakin 'yarta a Maitumbi, ko zama ta ƙi yi. A kan katifa Suleiman, mijin Zuliha, yana jingine da bango, yawu na zuba ta gefen bakinsa. Tun ranar da babbar mota ta bugi keke-napep ɗin da ya ɗauko shi, ɓarin jikinsa na dama ya mutu, magana ta ɗauke. Hannun hagu kaɗai ke motsi, shi ma ba ya hutawa: ya taɓa hanci, ya dafa kai, ya dafa ƙirji.

"Haba Inna, a gabansa?"

"Gaban wa? Wannan bai san ki ba, bai san ni ba. Danginsa su ɗauki abinsu, kawunki Mamudu ya je kotu a raba auren. Ƙuruciyarki ba za ta ƙare a wankin zanin gado ba."

Da Inna ta fita Zuliha ta yi kuka har kanta ya yi ciwo. Abin da ya fi ci mata rai shi ne tsoron kada Inna ta yi gaskiya.

Suleiman koci ne na wata ƙungiyar besbol ta matasan unguwa, wasan nan da ake dukan ƙwallo da sanda a zagaya fili da gudu. Zuliha kuwa tun tana budurwa ba abin da ya haɗa ta da ƙwallo kowace iri. Wasan marasa aikin yi take ce masa, ga shi kuma a hanyar dawowa daga filin hatsarin ya same shi. Don haka washegari ta tattara sandunan da safunan hannun fata a buhu, ta nufi filin don ta zube musu tsiyarsu.

Ta tarar ana wasa. Shekwolo, kyaftin ɗin da ya riƙe ƙungiyar bayan Suleiman, yana tsaye a gefe yana taɓa hanci, yana dafa kai. Buhun ya suɓuce daga hannunta.

"Kai, me kake yi haka?"

"Sayin ne, Anti, alama ce. Koc ne ya koya mana, don kar abokan gaba su gane. Hanci da kai, ka gudu. In ya dafa ƙirji, ka tsaya inda kake, kar ka tafi."

Nan take ta tuna. Duk ranar da Inna ta zo, duk lokacin da ita kanta ta ɗauki mayafi, ƙirjinsa yake dafawa. Ta koma gida ta durƙusa a gabansa, ta dube shi ido cikin ido, ta dafa nata ƙirjin. Hawaye suka gangaro masa.

Inna da ta ji labarin tsaki ta yi. "Ko akuya ai tana sosa jiki. Tunda kin zaɓe shi, kada ki ƙara taka mini gida."

Haka kuwa aka yi. Sallah ta zo ta wuce, ko tuwo ba a aiko mata daga gidan Inna a Limawa ba. Ita ce wanka, ita ce juya shi, ita ce sayar da kunu a ƙofar gida. Ranar Asabar kuma 'yan wasan su cicciɓe shi da kekensa na guragu zuwa fili, ita a gefensa. Da farko sai ta tafa wa abokan gaba, Shekwolo ya riƙe kai. Ƙungiyar ma ba ta arziki ba ce, an fi cin su fiye da yadda suke ci. Amma a hankali ta san sunan kowa, ta san mai rawar hannu da mai zuciya. Abin da ya kama ranta shi ne yadda yaro zai kai duka ya kuskure, a fitar da shi, anjima layi ya zagayo ya sake ɗaukar sanda kamar ba a yi ba. Ta wayi gari tun Alhamis take ɗokin Asabar, ita da kanta abin na ba ta kunya.

Wata Asabar Inna da Kawu Mamudu suka je gidan da niyyar tafiya da ita ko ta ƙi ko ta so. Maƙwabta suka nuna musu fili. Suna isowa alƙalin wasa ya fitar da Shekwolo, sai ga Zuliha a tsaye, mayafi a kugu.

"Wallahi zalunci ne! Ƙafarsa ta riga ƙwallo isa!"

Inna ta buɗe baki za ta yi salati, sai wata murya mai nauyi ta fito daga keken, kalma na jan kalma da ƙyar.

"Zu... liha. Zauna. Bai... riga ba."

Zuliha ta juyo. Kawu Mamudu ya cire hula ya mayar, ya rasa inda zai sa ido. Inna ta daɗe tana kallon surukinta, sannan ta matsa, ta kama gefen mayafinta ta goge masa baki.

Suleiman bai sake takawa da ƙafarsa ba, maganar ma ba ta dawo duka ba. Amma ba wanda ya ƙara ambatar kotu. Mai ciwo yakan daɗe yana magana ba a ji, don masu lafiya sun riga sun yanke hukunci. Zuliha ta yi haƙuri ta koyi abin da mijinta ke so, ko da ranta ya ƙi shi, kuma a can ta same shi yana jiranta.