Takardar Mani

Afra'u na tsaye a bayan labulen zaure, kwanon ruwa a hannunta, ta kasa shiga, ta kasa komawa.

A ciki mahaifinta ne, Mushe Hamidu, kamar yadda ake kiran malaman lakwal, tsohon malamin boko da duk Dogon Dutsi ta sani, da Rabilu durƙushe a gabansa, kansa a ƙasa.

"Garka," in ji Mushe, kamar wanda ya tauna tsakuwa a cikin tuwo. "To in rijiya ta ƙafe fa? In fara ta sauka? Shekara talatin da biyu ina koyarwa, yaro. Damina ta yi kyau ko ta ɓaci, ƙarshen wata bai taɓa ƙin zuwa ba."

Rabilu ya fara bayani a hankali, cewa ya dasa mangwaro sittin a garkarsa ta Tibiri, nan da shekara uku za su fara 'ya'ya. Mushe bai bari ya kai ƙarshe ba.

"Ban ƙi ka ba, kana da ladabi. Amma ba ni ba ɗiyata ga wanda abincinsa ke hannun gajimare. Taho mini da matirkil, lambar ma'aikacin gwamnati, ko ta sharar ofis ce. Ran nan sai mu yi magana."

Ruwan ya zube a ƙafar Afra'u.

Ba ta ma ji sanyinsa ba...

A kasuwa suka fara haɗuwa, ranar da ta tsaya kallon 'yan itatuwan da Rabilu ya jera cikin baƙaƙen leda. Ta tambayi dalilin da kowane ke da ɗauri a tsakiya kamar mai karaya. Ya yi dariya, ya nuna mata yadda yake yanko reshen mangwaro mai zaƙi, ya tsaga jikin wanda ba ya da daɗi, ya haɗa su ya naɗe, har su zama abu guda. Yana magana idonsa na haske. Da za ta tafi ya ba ta ɗaya, ya ƙi karɓar komai. Ta dasa shi a tsakar gida kusa da wurin alwala, ta ce wa mutanen gida saya ta yi.

Afra'u ta san halin mahaifinta, don ita ma ta ɗanɗana. Ɗinki take so tun tana ƙarama, shi kuwa ya kai ta makarantar koyon aikin jinya, ya ce allura biyu ce a duniya, ɗaya ce kawai ke da fansho. Ba ta yi musu ba. Ita ba mai musu ba ce.

Abin da ba ta zata ba shi ne, can Tibiri ma maganar Mushe ta sami wurin zama. Malam Idi, mahaifin Rabilu, ya daɗe yana neman wanda zai taya shi raba ɗansa da noma. Manomi ne da fari ya cinye wa shekaru, ya taɓa sayar da bijiminsa na huɗa don a ci tuwo, ya rantse ɗansa ba zai tsufa yana kallon sama ba. Da aka yi sanarwar ɗaukar matasa aikin ɗamara, sai ya ce Allah ne ya kawo.

Sai dai Rabilu ya wuce shekarun da ake so da biyu.

Malam Idi ya shiga ɗaki, ya buɗe tsohuwar akwatin ƙarfe, ya fito da wata takarda da ta yi ja don tsufa. Takardar haihuwar Mani ce, ƙanin Rabilu, wanda sanƙarau ya ɗauke yana ɗan shekara shida. A ƙauye aka rufe shi, ba wanda ya je ya sanar da hukuma. A wurin gwamnati Mani yana nan da ransa, shekarunsa ashirin da huɗu cif.

Inna Hamsatu, uwarsu, ta yi kuka ta ce a bar mata yaronta ya kwanta, ba a tayar da sunan mamaci. Malam Idi ya ce rabin samarin da ke cikin kaki da takardar wani suka shiga, suna ai ba ya ciwo.

Duk wannan a ƙofar gida Rabilu ya faɗa wa Afra'u, wata la'asar, yana tsaye jikin babur ɗin da ya aro. Ya roƙe ta kada kowa ya ji, ko Mushe, don in maganar ta fita za a kore shi, wataƙila ma a kama tsohonsa.

Sannan ya ɗago.

"Afra tawa... ni garkata nake so, kin sani. In kin ce in zauna, zan zauna, mu jira itatuwan nan tare. In kin ce in tafi, zan tafi."

Zuciyarta na cewa zauna. Ta tuna fuskar mahaifinta, ta tuna shekara uku da yawa, ta tuna ƙawayenta duk sun tare a ɗakunansu. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta.

"Yadda iyaye suka gani, mai garkata."

Ya yi murmushi, irin wanda bai kai ido ba.

"To shi ke nan," ya ce. "Ki riƙa ba mangwaron namu ruwa."

Ya ci konkur ɗin, jarrabawar shiga aikin, aka tafi da su horo. In ya sami waya yakan kira ta, ya ba ta labari yana dariya: satin farko sau uku aka sa shi tsallen kwaɗo, don ana kiran Mani Idi yana tsaye yana kallon wani wuri. Daga baya ya daina dariyar. Ya ce yanzu har a mafarki in an ce Mani yana amsawa, ita kaɗai ta rage mai kiransa da sunansa. Sai ta yi ta faɗa masa a waya, Rabilu, Rabilu, a hankali don kada a ji ta, har kuɗin wayar ya ƙare.

Garkar kuwa ba ta sami mai kula ba. Malam Idi ya ba wani haya, ya shuka albasa, ya bar itatuwan da ƙishirwa. Rabilu bai taɓa tambayar nawa suka rage ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Ranar da ya zo hutu cikin kaki, Mushe da kansa ya shimfiɗa masa tabarma. Bai nemi ganin takarda ba, kakin ya ishe shi shaida. Aka kawo goro, aka sa rana bayan sallar azumi. Mushe ya riƙa gaya wa abokansa na majalisa cewa surukinsa ma'aikaci ne, shi ya sa shi a hanya.

Aka tura su Rabilu can wajen iyaka.

Wata Talata ce, bayan azahar, lokacin sanyi. Afra'u na tsakar gida tana ninke zannuwan gado da aka saya mata. Tun safe ake raɗe-raɗin an tare motocin masu ɗamara a daji. Ta kira wayarsa sau ba adadi, ba ta shiga, ta ce wa kanta ai wurin nasu dama ba ya da rezo, waya ba ta kamawa.

Mushe ya shigo da sauri, waya a hannu, yana laluben tabarau. An turo sunayen waɗanda suka rasu a zauren hira na waya na tsofaffin malamai. Ya tsaya a tsakiyar gida yana karantawa da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya saba kiran sunayen 'yan aji. Goma sha ɗaya ne.

Na bakwai shi ne Mani Idi.

Mushe ya wuce shi bai tsaya ba. Ya kai ƙarshe, ya sake dubawa daga sama, sannan ya sauke ajiyar zuciya, ya cire tabarau.

"Allah ya jiƙan su. Alhamdu lillahi, ɗiyata, babu Rabilu. Kwantar da hankalinki, na duba sau biyu."

Zanen ya zame daga hannunta.

Ta dube shi yana murmushi, tsohon da bai taɓa nufinta da sharri ba. Shekara biyu da rabi tana riƙe da amanar nan. Yanzu ba sauran wanda za a kora daga aiki.

"Baba..." Ta matso kusa da shi. "Baba, na bakwai ɗin. Shi ne."

Ta faɗa masa komai a tsaye, ba kuka, kamar labarin wasu take bayarwa: shekarun da suka wuce da biyu, akwatin ƙarfe, yaron da sanƙarau ya ɗauke. Mushe ya nemi wurin zama bai samu ba, ya zauna a kan turmi.

Kashegari suka shiga motar Tibiri. Can dajin aka rufe su gaba ɗaya, abin da ya iso gida jakarsa ce da takarda mai hatimi. Da liman ya ɗaga hannu zai yi addu'a sai ya tsaya, ya dubi takardar, ya dubi Malam Idi, ya tambaya a hankali wane suna zai ambata. Malam Idi ya sunkuyar da kai.

Daga cikin gida muryar Inna Hamsatu ta fito, a dushe.

"Rabilu. Mani na riga na yi kukansa."

Da za su tafi ta jawo Afra'u ɗaki, ta danƙa mata wata takarda a ninke. Ta haihuwar Rabilu ce, ta gaskiyar, ba hatimin mutuwa a kanta, ba kuma za a taɓa sa mata ba.

"Riƙe, ɗiyata. A nan dai bai mutu ba."

A hanyar tasha suka bi ta gefen garkar. Afra'u ba ta so ta duba ba, idonta ya duba da kansa. Kututture ne a jere, busassu, wasu har yanzu da guntun leda a ɗaure.

Mushe ya kawar da kai, suka kama hanyar Dogon Dutsi.

Kwana uku bai je majalisa ba. A rana ta huɗu da hantsi Afra'u ta fito da bokiti, ta tarar ya riga ta. Yana tsaye gaban mangwaron tsakar gida da butar alwalarsa, yana tsiyaya ruwa a gindinsa. Itacen ya fi shi tsayi yanzu. A kan rassan sama wasu 'yan furanni sun fito, ƙanana, masu ruwan ƙasa-ƙasa, ƙudan zuma na kewaya su.

Bai juyo ba.

"Shi ya ba ki wannan, ko? Ba saya kika yi ba."

"Shi ne, Baba."

Ya daɗe yana kallon furannin.

"Ran nan a zaure ya fara gaya mini wata magana a kan itatuwansa, na katse shi. Shekara nawa ya ce?"

"Uku."

Mushe ya ƙirga a yatsunsa, ya tsaya a na ukun.

Afra'u ta durƙusa ta juye bokitin a hankali, don kada ruwan ya tone saiwa, kamar yadda aka koya mata.