Zagaye Biyu Sau Goma

Safiyar wata Laraba ce a farkon daminar 1994, sati uku da kama aikin Hasanatu na koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata da ke Gumel. Ta ratso ta gefen filin wasa rungume da littattafai, sai Malama Juliana mai koyar da motsa jiki ta ƙwala mata kira.

"Ƙanwata, zo ki cece ni! Cikin nan ya hana ni tsayuwa. Riƙe agogon nan, in ya iso darbejiyar can ki danna."

Kafin ta tambayi wa ake nufi, wani dogon saurayi ya sha kwanar filin a guje. Ya wuce bishiyar, ta danna. Ya sunkuya ya dafa gwiwoyi yana haki, sannan ya ɗago.

"Nawa?"

"Minti biyu da sakan arba'in da ɗaya."

Ya dube ta, ta sunkuyar da kai. Ya juya ga Juliana. "Anti, an canza mini alƙali ne?"

"An canza. Wannan kuwa ba ta san sassauci ba, malamar lissafi ce."

Sunansa Zakiyyu, ɗan Gagarawa Tasha, yana da rumfar gyaran keke a bakin kasuwar Gumel. Gudun fanfalaki yake shirya wa, kilomita arba'in da biyu, wanda za a yi a Kano a watan Nuwamba. Wata hukuma mai kayan sarki ta yi shelar za ta ɗauki duk wanda ya gama cikin ƙasa da awa biyu da minti talatin da biyar aiki a ƙungiyar wasanninta.

Juliana, 'yar Pankshin, ita ta koya masa hanyar sanin inda ya tsaya tun kafin ranar.

"Zagaye biyu mita ɗari takwas ke nan," ta ce wa Hasanatu. "Ya yi da ƙarfi, ya huta da 'yar sassarfa daidai lokacin da ya ci, ya sake, har sau goma. Sai ki fitar da matsakaicin goman. Mintin ya zama awa, sakan ya zama minti. In ya yi biyu da arba'in a nan, awa biyu da minti arba'in zai yi a Kano."

"Anti, wannan ai ba lissafi ba ne, kintace ne."

"Haka na ce wa yayana Nehemiya. Sau uku yana gwadawa a Jos, bai taɓa kucewa da fiye da minti biyu ba."

Daga ranar agogo ya koma hannun Hasanatu. Duk Laraba da Asabar bayan gari ya waye, Juliana na zaune a kujera tana ɓare gyaɗa, ita tana tsaye da agogo da littafi mai bangon shuɗi. Zakiyyu kan tafi da littafin gida, wai zai nazarci lambobin. Bai yi wata ba lambobin suka fara dawowa da rubutu a ƙarƙashinsu.

"Agogona, yau a karo na takwas ƙafafuna sun ce a tsaya, sai na hango ki a gindin darbejiya, suka yi shiru. Amma ki daina sa mayafi mai duhu, ba na hango shi daga nesa."

Ta kwana biyu tana karantawa kafin ta amsa.

"Sarkin sauri, mayafi ba ya rage sakan. Ka rage cin ƙosai kafin ka fito. Amma na ji, ranar Asabar zan sa fari."

Da maganar ta yi ƙarfi, Zakiyyu ya tura kawunsa Ilu wajen mahaifinta. Malam Haladu ma'aunin hatsi ne, shekara talatin yana awo a kasuwar Gumel, ba a taɓa kama tiyarsa da tawaya ba. Hasanatu ta tsaya a bayan zaure tana saurare.

"Yaron da ke rufe rumfa ya tafi zagaya fili da gajeren wando?" in ji Malam Haladu. "Wa ya koro shi? Ga Barau dillalin babura na Maigatari, wata shida yana sallama a ƙofar nan. Amma ba zan yi wa yarinya dole ba. In ya kawo takardar aikin nan bayan gasar, na ba shi. In babu, kowa ya yi haƙuri."

Barau ba mugun mutum ba ne. Yakan zo da sabon babur da turare mai tsada, ya yi ta ba ta labarin kuɗin sefa da farashin taya. Sai dai bai taɓa tambayarta abin da ta koyar yau ba.

A farkon Agusta, bayan hutun sati biyu da ruwa ya hana fita, abin mamaki ya faru. Zakiyyu da ke maƙale a biyu da talatin da tara ya yi biyu da talatin da ɗaya. Asabar ta zagayo, ya yi biyu da talatin cif. Ya yi tsalle, Juliana ta rangaɗa guɗa. A ranar Kawu Ilu ya koma ya shaida wa Malam Haladu cewa magana ta ƙare, yaro ya wuce ƙa'ida da minti biyar.

Hasanatu ta yi murna, amma murnar ta ƙi zama. Ta yi ta juya shafukan. Wata biyu ya ɗauka kafin ya rage sakan biyu, ta yaya zai rage tara bayan ya yi sati biyu yana zaune?

Ranar Litinin bayan an tashi daga makaranta ta zagaya filin a ƙafa. A kwanar gabas ta tsaya. Wake ne ya yi kore shar a inda ta san da can ƙasa ce tsirara, fararen duwatsun da ke nuna hanya kuwa sun matso ciki, an jera su tsaf. Ta kira Ɗantala maigadi.

"Baba Ɗantala, wa ya taɓa duwatsun nan?"

"Ni ne, Malama. Na ga wuri yana zaune a banza ga damina tana wucewa. Ɗan kaɗan na matsar da su. Ai ban rage ko ɗaya ba, ki ƙirga."

Ta ɗauko igiyar awo ta makaranta, ita da Juliana suka bi zagayen. Mita ashirin suka ɓace a kowane zagaye, arba'in ke nan a kowane gudu. Ta zauna a kan dutse ta buga lissafin sau biyu. Biyu da talatin ɗin nan, a gaskiya biyu da talatin da takwas ne.

"In kin yi shiru zai je da ƙarfin gwiwa," in ji Juliana a hankali. "Wani lokaci hakan ma yana taimako."

"Zai fita da saurin da ba nasa ba, Anti. Ya faɗi a kilomita talatin, ni kuwa na sani tun yau."

Ranar Laraba ta faɗa wa Zakiyyu.

"Jikina ya faɗa mini na ƙara sauri," ya ce.

"Ka ƙara, da sakan ɗaya."

"Jiya na ga babur ɗin Barau a ƙofar gidanku. In kin gaji da jira ne, Hasanatu, ki faɗa mini kawai. Ba sai kin jingina abin ga waken tsoho ba."

Ta miƙa masa littafin, ta wuce aji. Laraba biyu da Asabar biyu darbejiya ta tsaya ita kaɗai. Hasanatu ta ci gaba da koyar da kasafi da ɗebewa, tana tambayar kanta ko akwai gaskiyar da gara a bar ta a cikin ƙasa. Duk sanda ta sake buga lissafin, amsa ɗaya yake ba ta.

A Asabar ta uku ta tarar da shi a filin, yana tura keke a hankali a kan hanya, da ɗigon alli a jikin taya, bakinsa yana motsi. Ƙirga juyin tayar yake yi. Da ya iso ya jingine keken, ya miƙo littafin ba tare da ya iya haɗa ido da ita ba.

"Agogona, na auna tayar, na auna filin sau uku. Ke ce da gaskiya. Na zarge ki da abin da ba halinki ba, don na fi son lambar da ke faranta mini. Ki yafe mini. In kin yarda, ki koma gindin bishiya."

Ta rubuta a ƙasa, a tsaye: "Na yafe. Kada a tuge waken Baba Ɗantala. Mu ja layin farawa baya da mita arba'in."

Da yammacin ranar Zakiyyu ya sa doguwar riga ya tafi zauren Malam Haladu da kansa, ya durƙusa.

"Baba, lambar da Kawu ya kawo maka ba daidai ba ce. Filin ne ya tawaya. Ban kai ba tukuna."

Malam Haladu ya dube shi. "Wa ya aiko ka ka faɗa mini?"

"Babu kowa."

"To, na ji."

Satumba ta wuce, Juliana ta sauka, ta dawo kujerarta da jaririya a goye. Oktoba ta wuce, Ɗantala ya roro wakensa. Biyu da talatin da takwas ya koma da bakwai. Gudun ƙarshe, kwana goma kafin gasa, ya ba da biyu da talatin da shida. Minti ɗaya ya rage, kuma babu sauran lokaci. Zakiyyu ya sake zuwa zaure ya faɗi lambar yadda take.

Ranar gasa Hasanatu tana gida tana tsintar shinkafa, tana duba agogon bango. Washegari ya dawo a motar Kano yana ɗingishi, ya aiko mata da littafin.

"Awa biyu, minti talatin da shida, sakan ashirin. Na zo na tara. Waɗanda suka wuce ni da farko na tarar da da yawansu a zaune a bakin titi. Ban samu aikin ba. Lissafinki bai yi ƙarya ba, Agogona, ƙafata ce ta gaza."

Ta rufe littafin ta yi kukanta a ɗaki. Bayan la'asar mahaifinta ya aika a kira Kawu Ilu da Zakiyyu, ya ce ita ma ta zo bakin ƙofa.

"Malam Ilu, na ce takardar aiki, babu takarda," ya ce. "Amma ni ma'auni ne. Shekara talatin ina ganin masu dukan gindin tiya don ta ci kaɗan. Ban taɓa ganin wanda ya gano tasa ta tawaya ya zo da ƙafarsa ya faɗa wa mai saye ba, alhali shi zai yi asara. Yaron nan ya ce mini talatin da shida, ya je ya kawo talatin da shida. Gyaran keke sana'a ce. Ku turo a sa rana."

Zakiyyu ya kifa goshinsa a tabarma. Hasanatu ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

"Sai dai ka sayi dogon wando," in ji tsohon.

An ɗaura aure bayan ƙaramar Sallah. Barau ma ya zo, ya ba da aron babura biyu aka yi rakiyar amarya. Juliana ta kawo agogon a naɗe cikin hankici ta ce ya zama na gidan. Ɗantala ya kawo tiya biyu ta wake, Malam Haladu ya karɓa ya girgiza, ya ce ta cika.

A cikin kayan amarya har da littafi mai bangon shuɗi. A shafin ƙarshe ango ya rubuta: "Saura minti ɗaya da sakan ashirin. Baɗi?" Ta amsa a ƙasa: "Laraba, bayan gari ya waye. Zan sa fari."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa su tsufa tare a kan awo ɗaya.