'Yar Ƙofar da Inna Delu Ta Toshe

Ku ji mini yara! Mi ya kai ku tambayar yadda anka yi soyayya a zamaninmu, ku da ko fura ba ku iya damawa ba? Ke Lantana, rufe bakin nan. Tunda kun hana ni sakat ku zauna, wanda ya katse ni kuwa ya sha ranƙwashi.

A Ƙofar Dundaye anka yi wani majemi, Lawali. Shi ya ga Sadiyatu 'yar manoman Dundaye ya ce yana so, ita ma ta ce ta ji ta gani. Anka ɗaura aure, ta tare gidan uwatai, Inna Delu.

To, Lawali ɗan fari ne. Inna Delu ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana, haka kunya ta gada. Sadiyatu kuma suruka ce, ba ta ɗaga ido gaban tsohuwa. Mutum uku a gida, ka ce kushewa! Shi gogan da asuba ya tafi majema, don fatake na tsaye kansa suna jiran jajayen fatu. Ya dawo yana warin bagaruwa, loma na hannu barci ya kwashe shi.

Lokacin kowane gida da 'yar ƙofa a katanga, inda mata ka ratsawa ɗibar wuta, kitso, taya daka, ba sai sun fita waje ba. Ta gidan nan Inna Delu ta liƙe ta da laka, wai awaki na shigo mata.

Sadiyatu da ta tashi cikin hayaniyar 'yan uwa sai ta fara ramewa. Kai na sara, zare na tsinke mata a mazari, tuwo na ƙonewa. In ta ji lugude bayan katanga sai hawaye. Anka kawo rubutu, anka turara hayaƙi, wai iskoki ne. Iskokin wa? Shirme!

Ran nan Lawali ya ce, "Haba Sadiya, mi na rage ki da shi? Ga hatsi, ga zane!"

"Zane na amsa magana? Yau tun safe da kaza kaɗai na gaisa!"

"Ki yi haƙuri mana."

"Ina yi. Sonka ya zaunar da ni, amma wallahi ƙirjina kamar an aza dutsen niƙa."

Sai ga yayanta Tukur ya zo ganin gida. Da ya ga wuyanta ya yi salati. "Wagga ce ƙanwata? Lawali, lafiyayya munka ba ka! In na dawo bayan Juma'a na iske ta haka, da ita zan koma."

Lawali ya rasa abin yi. Ya fasa katangar uwatai? Allah ya kiyaye! Ya yi mata magana? Da wane baki? Da safe ya ƙi fita, ya tsaya tsakar gida inda tsohuwa ke tsintar gero, ya juya mata baya, ya fuskanci katanga.

"Ke katanga, ina kwana? Matata za a ɗauke mini saboda 'yar ƙofar da anka toshe, ita nake so, kuma ba ni iya saɓa wa wadda ta haife ni. Ki ba ni shawara."

Inna Delu ba ta ɗago ba. Ta dubi kazarta. "Ke kaza, gaya wa wancan mai surutu da bango, awaki sun dame ni."

"Katanga, gaya wa kaza zan sa ƙyaure."

Tsohuwa ta aje faifai. "Kaza... ba awaki ba ne. Ta nan Ashatu ƙawata ka leƙowa kullum. Tun da ta rasu, in na dubi wurin sai in ga kamar za ta shigo."

Sadiyatu ta fito ɗaki da gudu ta durƙusa tana kuka. "Inna, ashe ke ma! A bar ta a toshe, zan jure."

"Tashi, 'yar banza! Miƙo mini taɓarya."

Da hannunta ta rushe lakar. Ƙura ba ta lafa ba sai ga kan Jummai maƙwabciya: "Lale! Ashe da masu rai gidan ga? Ku ba ni wuta!"

Tukur ya dawo ya iske ƙanwatai ana mata kitso tana ƙyalƙyala dariya, tsohuwa na faɗa da mata kan turmi. Ya sha fura ya koma shi kaɗai.

Kun ji. Haƙurinta ya riƙe auren, ladabinsa ya buɗe ƙofa. Amma ku sani, tuwo ba ya isar mutum, sai da mutane. Wanda damuwa ta cika wa ciki ya faɗa, ko ga bango ne.

Haruna, hamma kake mini a fuska? Ku tashi duka ku kwanta! Dije, rufe kajin nan tukuna.